Fushi Suna Ya Tara: Yadda Turanci Ke Rarrabe Abin da Ke Cin Zuciya

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da Turanci a ajin yamma na manya, wani ɗalibina tela ya tsaya bayan an tashi, ya miƙo mini takarda da ya ninke gida huɗu. Wasiƙa ce ya rubuta wa wata likita Baturiya da ta yi ɗawainiya da mahaifiyarsa har ta samu sauƙi, yana so in duba masa kafin ya kai. Rubutu tsaf, gaisuwa ta yi, godiya ta yi, sai na iso inda yake ba da uzurin rashin zuwansa gaishe ta. Ga abin da ya sa: "I am ashamed of you." Na ɗago na dube shi, na ce me kake son faɗa a nan? Ya ce, "Malam, ai nauyinta nake ji. Kunyarta ce ta hana ni zuwa. Kuma sai da na duba ƙamus, kunya ita ce shame."

Gaskiyarsa, ƙamus bai yi masa ƙarya ba. Amma da wasiƙar ta isa hannun matar nan a haka, abin da za ta karanta shi ne: kin ba ni kunya, kin yi abin da ba na son a gan ni tare da ke. Mutumin da ya zauna dare guda yana neman kalmar girmamawa, saura ƙiris ya aika da cin fuska. Tun daga ranar nake jin cewa wannan fanni na Turanci, wato kalmomin da ke bayyana abin da ke cikin zuciya idan ya yi ƙarfi, ya fi kowane fanni saurin jefa mai koyo a rami. In ka kuskure sunan kayan aiki, a gyara maka a wuce. In ka kuskure sunan abin da kake ji game da mutum, sai ya riƙe ka da shi, kai kuma ba ka ma san ka yi ba.

Da farko ya kamata mu san dalilin da ya sa Turanci ya tara kalmomi bila adadin a kan abu ɗaya. Harshe ne da ya sha baƙi. Asalinsa maganar ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Turai suka zauna a Ingila. Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan teku daga ƙasashen da yanzu ake kira Denmak da Norwe suka riƙa kai farmaki, wasu suka zauna, suka bar kalmominsu. A shekarar 1066 kuma Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon kusan shekara 300. Latin kuwa shi ne harshen coci da ilimi. Kowane baƙo ya zo da tasa kalmar fushi da tasa kalmar tsoro, kuma Turanci ya riƙe da yawa daga cikinsu, sai ya raba musu aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da ƙyashi, muka karɓi hassada daga Larabci. Muna da da-na-sani, muka karɓi nadama. Kuma kowane Bahaushe ya san nadama ta fi da-na-sani nauyi a baki, ko da ba zai iya faɗin dalili ba.

Mu fara da fushi, domin nan ne kasuwar ta fi cika.

"Anger" ita ce uwa, ita ce kalmar da ba ta nuna komai sai cewa rai ya ɓaci da wani. Daga mayaƙan tekun nan aka samo ta, kuma a bakinsu ma'anarta baƙin ciki ce da damuwa. Tushenta ɗaya da "anguish" da "anxiety", kuma tushen yana nufin matsi, abu ya shaƙe. Wanda ya san abin da muke nufi da ƙuncin rai ya riga ya fahimci dangantakar kalmomin nan uku. A ƙasa da "anger" akwai "annoyance" da "irritation", wato jin haushi irin na sauro ko na maƙwabcin da ya ƙure rediyo. A sama da ita kuma akwai "rage" da "fury".

"Rage" fushi ne da ya ƙwace linzami. Kalmar ta fito daga Latin, daga tushen da ya ba da sunan ciwon haukan kare a Turanci, "rabies". Saboda haka duk inda ka ga "rage", ka ji ƙanshin hauka a ciki: mutum ya harzuƙa, idonsa ya rufe, yana jifa da duk abin da hannunsa ya kai. Direbobi biyu da suka fito daga mota suka kama kokawa a tsakiyar titi saboda an sha gaban wani, shi ne Turawa ke kira "road rage". "Fury" kusa take da ita ƙwarai, har sau da yawa ana musanya su, amma ita sunanta ɗaya da na wasu allolin mata na tatsuniyoyin Rumawa waɗanda aikinsu bin mai laifi su ɗauki fansa. Shi ya sa "fury" ta fi ɗaukar ma'anar fushi mai inda ya dosa, mai neman wanda zai sauka a kansa. Ana iya yin ta shiru, fuska a murtuke, murya ƙasa-ƙasa. Jaridun Ingila suna son kalmomin nan biyu a kanun labarai saboda gajeru ne, don haka in ka ga an rubuta "fury" a kan ƙarin kuɗin jirgin ƙasa, kada ka ɗauka gari ya kama da wuta. Sau da yawa 'yan majalisa biyu ne da wata ƙungiya suka yi ƙorafi.

"Wrath" daban take, kuma ita ce na fi ganin ana ɓata wa wuri. Tsohuwar kalma ce ta asalin Turanci, kuma fushi ne na wanda ke da ikon hukuntawa: fushin Ubangiji, fushin sarki, fushin hukuma. Idan kakakin 'yan sanda ya ce mai laifi zai gamu da "the full wrath of the law", daidai yake da abin da muke ji a rediyo, zai gamu da fushin hukuma. Daga sama take saukowa. Yaro ba ya yi wa ubansa "wrath", ma'aikaci ba ya yi wa maigidansa. Ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa ƙanwarsa ta cika da "wrath" don an cinye mata alewa, ya ɗora wa jaririya rawanin sarki.

Akwai kuma fushin da ke da hujja a hannu. "Indignation" tushenta a Latin yana nufin abin da bai dace ba, abin da bai cancanta ba. Ita ce abin da kake ji idan ka ga ana cin zalin maraya, ko aka yi maka ƙazafin sata alhali ba ka taɓa ɗaukar allurar wani ba. Mai "indignation" yana cewa ne, wannan bai kamata ba. Idan abin ya yi muni har jama'a suka taso da murya ɗaya suna Allah wadai, ya zama "outrage". Mutane da yawa, har da Turawan kansu, suna zaton kalmar haɗin "out" ce da "rage". Ba haka ba ne. Daga tsohon Faransanci ta zo, daga kalmar da ke nufin ƙetare iyaka. Wato abin ya wuce gona da iri. Mai fassara labarai da ya ga "public outrage" zai fi dacewa da "jama'a sun yi tir" a kan "jama'a sun haukace da fushi".

Wadda ta fi duka haɗari a zaman tare kuwa ita ce mafi sanyi a ido: "resentment". Asalinta a Faransanci sake jin abu, jin sa a karo na biyu da na uku. Ita ce riƙo, ita ce ƙullata. Ƙanin da aka fifita wansa a kansa tun suna yara, yana gaishe shi kullum, yana zuwa sunan 'ya'yansa, amma abin na nan a ƙasan zuciya shekara 20, wannan "resentment" ce. "Rage" tana iya wucewa kafin la'asar. "Resentment" sai ta kai mutum kabari. In ta ƙara tsami ta zama "bitterness", in ta ɗauki mutum ɗaya ta sa a gaba ta zama "grudge", wato gaba.

Ka lura, bambancin kalmomin nan bai tsaya a kan wace ce ta fi zafi ba. Wata ta bambanta da 'yar'uwarta ta fuskar daɗewa, wata ta fuskar matsayin mai fushin, wata kuma ta fuskar ko yana da gaskiya. Wanda ya jera su kamar matakala, daga ƙarami zuwa babba, ya rasa rabin labarin.

Kafin mu bar fushi, ga tarko biyu da suka shafe mu kai tsaye. A Amurka in mutum ya ce "I am mad at you", yana nufin ya yi fushi da kai, ba ruwan maganar da hauka. A Najeriya da Gana kuwa, kamar a Turancin Ingila, "mad" mahaukaci ne, kuma zagi ne. Sai "vex", wadda a bakin 'yan Najeriya ita ce kalmar fushi ta yau da kullum. A Turancin littafi tsohuwar kalma ce mai nufin damun mutum ko ɗaure masa kai, kuma ba ta kai zafin da muke ba ta ba.

Yanzu sai kishi da hassada, inda nake ganin Bahaushe ya fi Baturen yau riƙe bambanci. "Envy" mutum biyu take buƙata: kai da wanda yake da abin da ba ka da shi. "Jealousy" uku take buƙata: kai, da abin da kake da shi ko kake ganin naka ne, da wanda kake tsoron zai ƙwace. Maƙwabcinka ya sayi sabuwar mota ranka ya sosu, "envy" ke nan, hassada ko ƙyashi. Uwargida ta ga maigida ya fara yawan fesa turare da yamma, "jealousy" ke nan, kishi. Wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Othello ya haɗa su biyun a wuri guda. Iago ya ji zafin an ba Cassio muƙamin da yake ganin shi ya cancanta, ya shiga ƙulla makirci; nasa ciwon hassada ne da riƙo. Othello kuma aka cusa masa zargin matarsa Desdemona har ya kashe ta. Nasa ciwon kishi ne.

Tushen kalmomin ma abin sha'awa ne. "Envy" daga Latin take, daga kalmar da ke nufin kallon mutum da mugun ido, abin da duk wanda ya tashi cikinmu ya san ana neman tsari da shi. "Jealous" kuma uwa ɗaya uba ɗaya take da "zealous", mai himma da zafin nama a kan abin da ya yi imani da shi. Dukansu daga kalmar Girkanci ɗaya suka fito. Turanci ya raba su gida biyu, mu kuwa muka bar su a ɗaki ɗaya: kishin miji, kishin ƙasa, kishin addini, kishin zuci. Saboda haka in za ka fassara "mai kishin ƙasa", ka nisanci "jealous". Kalmarka ita ce "patriotic". Mai kishin addini "zealous" ne ko "devout". Mai kishin zuci, wanda ba ya yarda ya zauna a ba shi, sai ka nemi "self-respect" ko "pride".

Sai dai a bakin Turawan yau, musamman matasa, iyakar nan ta fara gogewa. Ka gaya wa abokiyar aikinka Baturiya za ka tafi hutu, ta ce "I'm so jealous!" tana dariya. Ba kishi take yi ba, ba kuma baƙin ciki take yi da kai ba. Tana nufin, kai, ka more, ina ma ni ce. Haka "I envy you" sau da yawa yabo ne. Malamanmu sun daɗe da raba wannan: hassada ita ce son ni'ima ta gushe daga hannun wani, gibɗa kuma ita ce fatan samun irinta ba tare da tasa ta gushe ba. Turanci ba shi da kalmomi biyu a nan, "envy" ce ke ɗaukar duka, sai yanayin magana ya nuna wadda ake nufi. Na sha ganin 'yan'uwanmu sun tsargu da irin wannan magana, suna cewa a zuci ashe baƙin ciki take yi da ni. Abin takaici ne zumunci ya yi sanyi a kan kalmar da aka faɗa da zuciya ɗaya.

Mu koma ga telan nan da wasiƙarsa. Kunya a wurinmu ado ce. Lokacin da Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a 1974, ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna nagarta da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da sauransu. Kunyar suruki, kunyar ɗan fari da ke hana uwa kiran sunansa, kunyar amarya, duk abin yabo ne. "Shame" ta Turanci kuwa kusan kullum ciwo ce: jin cewa ka zubar da mutuncinka, ka zama abin nuni. Inda harsunan biyu suka haɗu shi ne wajen rashinta, domin "shameless" daidai take da mara kunya. Amma "tana da kunya" ba za ta taɓa zama "she has shame" ba.

Kunyarmu guda ɗaya Turanci ya yanka ta aƙalla gida biyar. Yarinyar da ke sunkuyar da kai gaban baƙi "shy" ce. Wadda ke kame kanta a sutura da magana "modest" ce. Wanda ya yi tuntuɓe ya faɗi a gaban jama'a, ko ya kira baƙo da sunan da ba nasa ba, "embarrassed" ne. Abu ne mai wucewa, gobe ma da shi za a yi dariyar. Wanda aka kama da satar kuɗin masallaci "ashamed" ne, in yana da sauran zuciya. Wanda aka tsitsiye a bainar jama'a da gangan don a wulaƙanta shi, an yi masa "humiliation", kuma ita kullum wani ne ke jawo maka ita. Jin nauyin babba kuwa, abin da telan ke nufi, ba shi da kalma ɗaya tak. Sai ka kewaya, ka ce kana girmama ta ƙwarai har ka ji nauyin zuwa ka dame ta. A ƙarshe abin da muka rubuta ke nan: "I respect you so much that I felt too shy to come." Ya karanta sau biyu, ya ce, "Malam, ai wannan ita ce maganar."

A nan ma akwai Turancin gida da ya sha bamban da na waje. Idan ɗan Najeriya ya ce wani ya yi "embarrassing" ɗinsa a tasha, yana nufin ya ci masa mutunci, ya yi masa tijara. Bature zai ji abin da sauƙi, kamar an ɗan sa shi jin kunya ne kawai. In kana kai ƙara a rubuce, "harassed" ko "humiliated" su ne za su isar da zafin abin.

Kusa da "shame" akwai "guilt", kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna rarrabe su. "Guilt" tana kallon aikin: na yi abu mara kyau. "Shame" tana kallon mutumin: ni ne mara kyau. Mai "guilt" zuciyarsa ce ke tuhumarsa ko da babu wanda ya gani, kuma yakan nemi gyara. Mai "shame" yakan nemi wurin ɓuya. Daga nan sai "regret" da "remorse". "Regret" da-na-sani ce, kuma ba dole sai ka yi laifi ba. Kana iya yin ta don ba ka sayi hatsi da kaka ba. "Remorse" tushenta a Latin sake cizo, zuciya tana cizon mai ita, kusa da abin da muke kira cizon yatsa amma ya fi shi zurfi. Nadama ce ta wanda ya san ya cuci wani. Alƙalai a kotunan Ingila da Amurka suna duba ko mai laifi ya nuna "remorse" kafin su yanke hukunci. Kuma ina so mai sauraron labarai ya riƙe wannan da kyau: idan gwamnati ko kamfani suka ce "we regret", ba su ce sun yi laifi ba, ba su kuma nemi gafara ba. Sun ce dai abin bai yi musu daɗi ba. Mai fassarar da ya mayar da ita "sun nemi afuwa" ya ba su abin da ba su biya ba.

Tsoro shi ma gida ne mai ɗakuna. "Fear" ita ce ta kowa da kowa. "Fright" razana ce ta farat ɗaya, kamar ƙofa ta buga da ƙarfi cikin dare. "Dread" fargabar abin da ke tafe ne, wanda ka san zai zo: ranar da mai bashi ya ce zai dawo, ko sakamakon gwajin asibiti. "Anxiety" zullumi ne da sau da yawa ba ka ma iya nuna abin da ke jawo shi, kuma a bakin likitoci suna ne na rashin lafiya da ake magani. "Panic" ita ce tsoron da ke kwashe hankali, kasuwa ta fashe, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, a tattake juna ba a san abin da ake gudu ba. Sunan ya fito daga Pan, wani abin bautar Girkawan dā da suke cewa shi ke firgita mutane da garken dabbobi a daji ba gaira ba dalili.

Biyun da suka fi rikita mutane su ne "terror" da "horror". Wata marubuciyar Ingila, Ann Radcliffe, ta yi bayani a kansu a wata maƙala da aka buga a 1826, bayan rasuwarta, kuma har yau da bayaninta ake aiki. A taƙaice, "terror" tana zuwa kafin abin ya faru, "horror" kuma bayan ka gani. Matafiyin da ya ji harbi a gaba cikin dare, bai san ko su wane ne ba, bai san ko zai kwana da rai ba, yana cikin "terror". Wanda ya iso wurin da safe ya ga abin da aka yi wa mutane, "horror" ce ta kama shi, tsoro haɗe da ƙyama da kaɗuwa. Tushen "horror" a Latin yana nufin gashi ya miƙe, daidai da tashin tsigar jiki. "Terror" kuwa ita ta haifi "terrorism", ta'addanci, kalmar da ta samo asali daga zamanin kashe-kashen juyin juya halin Faransa a 1793 zuwa 1794.

'Ya'yan waɗannan kalmomi sun watse, kowa ya kama gabansa, kuma nan ne mai koyo ke shan wahala. "Terrified" ya firgita. "Terrible" mummuna ne. "Terrific" kuwa, wadda da can take nufin abin firgitarwa, yau yabo ce: madalla, ya yi kyau matuƙa. Haka "awe", wadda ke nufin tsoro haɗe da girmamawa irin na kwarjini, ta haifi "awful", mummuna, da "awesome", abin burgewa. Kama da wane ba ta wane. In malami ya rubuta "terrific" a kan aikin ɗanka, ka yi masa barka.

Baƙin ciki ba zan daɗe a kansa ba, sai dai abu ɗaya da ya shafi ta'aziyya. "Sadness" ta kowane ɓacin rai ce, "sorrow" ta fi ta zurfi da daɗewa, "grief" kuma kusan ta rashi ce, tushenta nauyi, abin da ke danne ƙirji bayan mutuwa. "Mourning" ita ce abin da ake gani a waje, zaman makoki da takaba. Wanda zai rubuta ta'aziyya ya kiyayi fassara "raina ya ɓaci" kai tsaye, domin ɓacin ranmu yana ɗaukar fushi da baƙin ciki duka, Turanci kuwa ya raba su. "I was annoyed to hear of your father's death" tana nufin labarin ya ba ka haushi kamar an ɓata maka lokaci. "Saddened" ake cewa, ko "deeply sorry". Bayan baƙin ciki akwai kuma ƙyama da raini: "disgust" ƙyama ce, tushenta ɗanɗano, abin da ke tayar da zuciya. "Contempt" raini ne, shi ya sa raina kotu ya zama "contempt of court". Kana iya tsanar wanda kake tsoro, amma ba ka raina shi, don haka "hate", tsana, da "despise", raini, ba ɗaya ba ne.

To ina mafita? Ƙamus na da amfani, kuma muna da nagari: na Bargery tun 1934, na Neil Skinner na Turanci da Hausa, da na Roxana Ma Newman na 1990 wanda ke rarrabe ma'anoni da misalai. Amma ƙaramin ƙamus na aljihu da manhajar fassara ta waya sukan ba ka kalma ɗaya su yi shiru. Littafin Roget, wanda ya fara fitowa a 1852 kuma irinsa ne ke cikin kwamfuta yau, yana jera kalmomi masu kama da juna ba tare da ya faɗi bambancinsu ba. An yi shi ne don wanda ya riga ya san su, yana neman tuni. Turawan kansu sun san da matsalar, shi ya sa tun 1816 George Crabb ya fitar da littafi guda a kan bambancin irin waɗannan kalmomi. Ɗalibin da ke buɗe jerin nan ya zaɓi kalma mafi tsawo don ya burge mai duba jarrabawa, kansa yake cuta. "Angry" da aka sa a wurinta ta fi "wrathful" da aka sa a inda ba nata ba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su fara daga Hausarsu. Kai da ka san bambancin haushi da takaici, da fushi da riƙo, da fargaba da razana, ba a bar ka a baya ba wajen sanin zuciya. Kafin ka nemi kalmar Turanci, ka tsaya ka faɗa wa kanka da Hausa ainihin abin da kake ji, da wanda kake ji game da shi, da ko na yanzu ne ko ya kwana. Sannan in ka tsinci sabuwar kalma a littafi ko a labarai, kada ka rubuta ta ita kaɗai a gefen takarda. Kwafe jimlar gaba ɗaya, ka lura wa ya ji, a kan wa, me ya jawo.

Ga malaman Turanci na makarantunmu kuma ina da roƙo. Ku daina ba yara jerin kalmomi biyar a ce duk ma'anarsu "fushi" su haddace. Ku ware darasi guda, ku kawo musu labarin mutum biyar da ransu ya ɓaci ta hanya biyar, ku bar su su faɗi sunan kowanne da Hausa tukuna, sannan ku ba su na Turanci. Kai kuma mai karatu, in wasiƙar da za ka aika ta ƙunshi abin da ke zuciyarka game da wani, ka samu wanda ya fi ka sanin harshen ya duba maka kafin ta bar hannunka.